Zauren Masu Karatu: Ina Za Mu Kai Yara Su Ga Aiki da Idonsu?

Da hutun makaranta ya gabato, yawancin wasiƙun da suka shigo zauren nan kan magana ɗaya suke. Iyaye na neman inda za su kai yara su wuni, su dawo da abin da ya fi gajiya da ƙura. Ga waɗanda muka zaɓa a wannan fitowa.

Ƙanena da ke karatu a Ingila ya turo mini hotunan wani gidan tarihi da ba gini ɗaya ba ne. Kamar gari ne guda a fili, da ramin kwal, da maƙera, da tsofaffin injuna suna aiki, iyalai suna ta yawo a ciki. Mene ne asalin irin wannan wuri, kuma muna da irinsa a Damagaram? (Wani magidanci daga unguwar Zango)

Malam, abin da ƙanenka ya gani gidan tarihin masana'antu ne na fili. Dabarar daga Suwidin ta fito. A 1891 wani malami, Artur Hazelius, ya buɗe Skansen a birnin Stockholm, ya riƙa sayen tsofaffin gidajen karkara, a kwance su, a kwaso, a sake tayar da su a fili ɗaya. Da masana'antun Turai suka soma durƙushewa, sai aka yi wa ramukan kwal da gidajen narka ƙarfe irin wannan gata. A Ingila akwai Beamish a arewa maso gabas. Akwai Black Country Living Museum a garin Dudley, kusa da Birmingham, wanda aka buɗe a 1978. Akwai kuma kwarin Ironbridge, inda Abraham Darby ya narka tama da gasasshen kwal maimakon gawayi a 1709, jikansa kuma ya gina gadar zubin ƙarfe a 1779, wadda har yau mutane ke tsallakawa da ƙafa. A Faransa, ramin kwal na Lewarde ya daina aiki a 1971, aka buɗe shi ga masu kallo a 1984.

Abin da ya raba su da gidan tarihi na yau da kullum shi ne kayan suna motsi. Shago ko gidan ma'aikaci da za a rushe a wani gari, sai a sa wa tubalansa lamba, a kwaso, a sake ginawa. A ɗauki ma'aikata su sa tufafin zamanin, su hura wuta, su ƙera sarƙa a gaban jama'a. A Dudley akwai kwafin injin Thomas Newcomen na 1712, mai janye ruwa daga ramin haƙar ma'adinai: tururi ya cika silinda, a fesa ruwan sanyi a ciki, tururin ya koma ruwa, nauyin iskar waje ya danna fistin ƙasa, gungumen da ke sama ya ɗago sandar famfo. Yaron da ya ga wannan sau ɗaya ba ya bukatar a sake yi masa bayani.

A Damagaram ba mu da fili mai shinge da tikiti irin wannan. Akwai gidan tarihi na jiha, akwai fadar Sarki a Birni, amma kayansu na ajiya ne. Sai dai ka lura da dalilin da ya sa Turawa suka gina nasu: sana'o'in sun mutu, dole a biya mutum ya kwaikwayi kakansa. Mu kuwa majema suna jima, maƙera suna ƙira, matan garin Mirya suna ginin tukwane, duk don cin abincinsu. Abin kallon namu ya fi nasu gaskiya. Abin da ya rasa shi ne tsari. Babu jadawali, babu igiyar da ke tsayar da yaro nesa da wuta, babu mai bayani, babu bayan gida. Duk waɗannan kai uba ne za ka tanade su kafin ku fita.

Yarana huɗu ne, daga shekara 5 zuwa 13. Wuni ɗaya kawai maigida zai samu. Yaya za mu tsara shi? (Wata uwa daga Sabon Gari)

Hajiya, aikin yana farawa ne tun jajibiri. Maigida ya je da kansa ya gai da babban wurin, a majema da maƙera, ya faɗi yawan yaran da shekarunsu, ya tambayi ƙarfe nawa ake aikin da ya fi kyawun kallo. Wannan ne matakin da mutane suka fi tsallakewa, shi ya sa iyali kan isa su tarar wuta a mace, fatu a shanye, maigidan ya tafi kasuwa. Ku kauce wa Juma'a, aiki rabi ne. Alhamis ma ranar babbar kasuwar gari ce, masu sana'a da yawa suna wajen sayar da kayansu. In da Mirya a cikin shirin, ku sani Lahadi ce kasuwarta: za ku ga kaya tuli, amma ginin tukunya kansa ya fi samuwa a sauran ranaku.

Lokacin da ya fi daɗi daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, kuma tsayuwa gaban wutar maƙera a irin wannan rana ba ta yaro ba ce.

Ku fita da ƙarfe 7 na safe ku fara da majema, kafin rana ta tayar da warin. Minti 40 sun isa. Daga nan maƙera, wajen 8 da rabi, sa'a guda. Ƙarfe 10 ku shiga Birni da ƙafa, inda inuwar katangu za ta taimake ku. Ku nuna wa yaran zanen da ke fuskar gidaje, da zankwaye a kusurwar soraye, da azarar giginya a rufin zaure. Gini ma sana'a ce: tubali da hannu ake mulmula shi, makubar da ke hana ruwan sama cin bango kuma daga ɓawon ɗorawa ake samunta. Tsohon garin da fadar suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO tun 2006 don a sa su cikin kayan tarihin duniya. A ƙofar fada ku yi sallama wajen dogarai, ku bi abin da suka ce game da shiga da ɗaukar hoto. Kafin azahar ku kasance a gida. Mirya, in ƙarfi ya rage, sai bayan la'asar. Ra'ayinmu dai, da ɗan shekara 5 a cikin tafiyar, ku bar ta zuwa wata rana. Wuri uku sun ishi yaro.

Ruwa ku ɗauko daga gida, lita 2 ga kowane babba, lita 1 da rabi ga kowane yaro, da buta daban da sabulu don wanke hannu. Kada ku sa rai za ku samu a can, kun san halin ruwa a garin nan. Takalma rufaffu, ba silifa ba. Tufafi na auduga, domin yadin roba in tartsatsi ya taɓa shi narkewa yake ya manne a jiki. Ƴan mata su soke gefen mayafi. Babba ɗaya ya kula da yara biyu, a raba tun daga gida, kowa ya san nasa. Ku riƙe canji, dala ashirin-ashirin da dala ɗari-ɗari, don yi wa masu aikin alheri, amma mafi mutunci shi ne ku sayi wani abu daga hannunsu.

Yaron da ya yi shiru, ya ce kansa na ciwo, ko ya daina zufa alhali jikinsa da zafi, ku kai shi inuwa nan take, ku jiƙa masa jiki. Ruwan gishiri da sukari shi ne lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ya fara rikicewa ko amai ya hana shi sha, asibiti kai tsaye.

Ni malamin lakwal ne, ina son kai ƴaƴana da na maƙwabta majema. Matata ta ce wari ne kawai da cuta. Me za su gani, kuma akwai haɗari? (Wani malami daga Garin Malam)

Malam, uwargida ta faɗi rabin gaskiya. Warin yana nan, kuma akwai abin kiyayewa. Amma a cikin sana'o'in garin nan babu wadda ta fi jima cika da ilimin da yaro zai iya bi mataki-mataki, in ka san abin da za ka nuna masa.

Fatar akuya ko ta tunkiya kan zo a bushe ko da gishiri. Da farko a jiƙa ta a ruwa ta kwana, ta yi laushi, jini da datti su fita. Sai ta shiga ruwan toka, wasu su ƙara kanwa ko farar ƙasa, kwana 2 zuwa 4 gwargwadon zafin gari. Wannan ruwa ne ke sassauta saiwar gashi. A nan ake fara ɓata fata: in ta daɗe fiye da kima fuskarta ta yi rauni ta riƙa saluɓewa, in aka yi gaggawar cire ta gashi ya ƙi fita, majemi ya danna da ƙarfi ya yanke ta.

Mataki na uku shi ne na kallo. Majemi ya shimfiɗa fatar a kan gungume, ya kama kartaji, wato wuƙar kankare fata, da hannu biyu, ya tura. Gashin ya taru gaban wuƙar a dunƙule, farar fata ta bayyana a bayanta, santsi kamar cikin ƙwarya. Ya juya ta ya kankare sauran nama da kitse. Ka sa yaran su dubi yadda yake kwantar da bakin kartajin, domin da ya miƙe shi kaɗan zai huda fatar, kuma fata mai huda rabin kuɗi ce.

Daga nan ne warin da uwargida ke faɗi yake fitowa. Ana sa fatar a ruwan kashin kaji ko na tattabaru, wasu kuma da ganyen fataka suke yi, na ƴan sa'o'i zuwa kwana guda. Wannan yana kashe kaifin tokar, ya sa fatar ta yi taushi. In aka manta da ita a ciki, ruɓewa take.

Sai jimar kanta. A daka bagaruwa a turmi, a fitar da ƙwayar, a jiƙa garin ɓawon. Ɓawon bagaruwa yana ɗauke da sinadarin tanin mai yawa, kashi 30 cikin 100 ko fiye, shi ne ke kama zaren fata ya hana ta ruɓewa. Fatar akuya kan ɗauki kwana 2 zuwa 3 ana juyawa ana murzawa, ƙirgin sa kuwa ya fi haka nesa. Gwani yakan fara da ruwa mai sauƙi sannan ya ƙara masa ƙarfi. Wanda ya zuba mai kauri tun farko, wajen fatar zai jemu ya toshe, cikinta ya zauna ɗanye, bayan ta bushe ta yi tauri tana karyewa. Ka roƙi majemin ya ɗan yanki gefen wuya, inda ta fi kauri, ya nuna wa yaran. In akwai farin layi a tsakiya, ba ta jemu ba. A ƙarshe a wanke, a shafa man gyaɗa, a shanya, a yi ta ja ana murzawa har ta yi laushi. Ja daga karan dafi da kanwa ake samunsa, baƙi kuma daga kuloko, wanda tushensa ƙarfe ne.

Wannan ƙarfen zai ba ka gwajin da za ku yi a gida. Ku jiƙa bagaruwa a kofin roba, ku jefa ƙusa mai tsatsa, ku bar shi. Ruwan zai koma baƙi. Dalilin da ya sa majemi ba ya jima a cikin garwar ƙarfe ke nan, sai kwatarniya ko rami ko robar ruwa.

Ka kuma gaya musu cewa fatun ƙasar Hausa, musamman na jar akuyar Maraɗi da Sakkwato, ayari ne ke ratsa Sahara da su zuwa Tarabulus, har Turawa suka san su da sunan fatar Maroko. Damagaram babban zango ce a wannan hanya.

Haɗarin uku ne. Ruwan toka da farar ƙasa yana ƙona fata, in ya shiga ido a yi ta wankewa da ruwa minti 15 sannan a tafi asibiti. Ɗanyar fata na iya ɗauke da cutar saifa ta dabbobi, don haka yara ba sa taɓa fatar da ba ta jemu ba, mai ƙurji ko yanka a hannu kuma ya tsaya baya. Na uku santsi ne a bakin ramuka. Ba a cin komai a wurin, kuma a wanke hannu da sabulu kafin a tashi. Mai asma ya zauna gida.

Jikana ɗan shekara 10 ya matsa sai ya yi zuga a maƙera. A bar shi? (Wani dattijo daga Birni)

Baba, a bar shi, in maƙerin ya yarda. Wurin mai zuga shi ne mafi aminci a rumfar, domin yana bayan wuta, nesa da inda masaba ke sauka. Zuga-zugin gargajiya jakunkuna biyu ne na fatar akuya, bututunsu suna haɗuwa a bakin yumɓu da ke shiga cikin gawayi. Ana danna ɗaya ana ɗaga ɗaya don iska kada ta yanke. Yaro zai fara da danna su tare, wuta ta riƙa numfashi tana mutuwa, sai ya gane da kansa. In ya samu hannu kuma zai so yin sauri, nan maƙeri zai tsawata masa, domin iska in ta yi yawa ƙarfe ƙonewa yake, ka ga yana tartsatsi fari, ya lalace. Wasu maƙeran yanzu fanka ce ta hannu da ƙafar keke suke juyawa, ita ma yaro zai iya.

Ka koya masa karatun launi. Ja mai duhu wajen digiri 700 ne, ja mai haske 800, ruwan lemo 900 zuwa 1,000, rawaya ya haura haka. Maƙeri yana dukan ƙarfe ne daga ja zuwa sama, in ya ci gaba bayan ya dushe, tsagewa yake. Abin da ya kamata kowane yaro ya haddace kafin ya shiga rumfar shi ne, baƙin ƙarfe ba sanyayyen ƙarfe ba ne. Wanda aka ajiye a ƙasa jansa ya ɓace yana iya kai digiri 400. Sau da yawa irin wannan ƙarfen ne ke ƙona masu ziyara a maƙera, ba wuta ba. Dokar ita ce ba a ɗaukar komai daga ƙasa, ko da ƙusa ce. Sauran yara su zauna taku huɗu daga uwar maƙera, a gefe, ba a saitin masaba ba, saboda ɓawon ƙarfe mai zafi yana tashi da kowane duka. In an ƙone, ruwa mai sanyi minti 20, ba man goge baki, ba ƙwai, ba toka.

In ana ƙera gatari ko lauje, ku jira ƙarshe ku ga an ba shi ruwa. Ana tsoma bakin yana ja, ya yi tauri, sannan a ɗan sake ɗumama shi. Wanda aka tsallake masa ɗumamar nan, ranar farko a gona bakinsa zai ɓalle. Gawayin da suka fi so na ƙirya ne, saboda nauyinsa da daɗewar wutarsa.

Yau sifirin mota da sauran tarkace ake ƙerawa, amma kakannin maƙeran nan daga tama suke fitar da ƙarfensu. Tanderunsu yakan kai digiri 1,100 zuwa 1,300, ƙasa da 1,538 da ƙarfe ke narkewa, don haka dattin ne ke narkewa ya gangara, ƙarfen ya taru a dunƙule, a fito da shi a yi ta duka. A tsaunukan Termit, arewa maso gabas da nan, masu binciken tarihi sun samu alamun aikin ƙarfe na tun kafin haihuwar Annabi Isa. Kai da kake Birni kuma kana da labarin da ya fi kusa: Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, a garin nan ya sa ake zuba masa igwa ana haɗa albarushi. Jikanka ya ji wannan daga bakinka yana zaune gaban wuta.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne kai yara kusa da masu zubin tukwanen alminiyom. Alminiyom yana narkewa a digiri 660, kuma ko a narke ba ya yin ja sosai, sai ka ɗauka ruwan azurfa ne. In ya haɗu da danshi, a cikin gwangwanin da aka jefa ko a yashin da aka yi ƙirar, ruwan ya zama tururi nan take ya watsa narkakken ƙarfen. Tarkacen da ake narkawa ma yana fitar da hayaƙin fenti da dalma. In za a kalla, daga mita 5, ta inda iska ke fitowa.

Mun je Mirya da yara, na sayo randa biyu. Ɗaya ta tsage a hanya, ɗayar kuma tana tsatsafo. An cuce ni ne? (Wata uwargida daga Zango)

Hajiya, da wuya. Tsatsafon da ke jiƙa bayan randa shi ne aikinta. Yumɓun da aka gasa a fili, da kara da kashin shanu, a zafin digiri 600 zuwa 900, yana da ƙananan ƙofofi. Ruwa ya fito ta nan, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Sabuwa ta fi yi, yana raguwa da amfani. Ki cika ta ki zubar sau 2 ko 3 don ƙanshin ƙasa ya ragu, ki ɗora ta a kan yashi ko gammo inda iska ke ratsawa. In kuwa ɗiga take daga wuri ɗaya har ruwa ya kwanta a ƙasa, wannan tsaga ce.

Ta biyun, kilomita 18 ne tsakanin Mirya da gari, kuma sun isa su fasa randar da ke jingine da ƙarfen mota. A zaunar da ita cikin tsohuwar taya, a cusa kara ko tsumma a kewaye, kada biyu su taɓa juna. Gaba in za ki saya, ki ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Mai lafiya tana amsawa da ƙara mai tsawo, mai ɓoyayyar tsaga muryarta a dushe take. Baƙin tabo a jiki hayaƙi ne kawai, ba aibi ba. Ki duba gindi da wuya, can tsaga ke farawa, galibi saboda an shanya ta a rana tun tana ɗanya, waje ya bushe ya bar ciki.

In kun koma, ki roƙi mai ginin ta ba yaran ɗan curin yumɓu su murza a hannu. Za su ji tsakuwa-tsakuwa a ciki. Dakakken tsohon kasko ne ko ƙaiƙayi da ake haɗawa da gangan, don tukunya ta jure wuta.

Za mu je Yamai biki da iyali. Gidan tarihin can ya cancanci wuni guda? (Wani ɗan kasuwa daga Kasuwar Dole)

Alhaji, ya cancanta, kuma shi ne mafi kusa da abin da mai tambaya ta farko ya kwatanta. Gidan tarihi na ƙasa an kafa shi a 1959, yana ɗauke da sunan Boubou Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokoki har zuwa 1974. Fili ne na kimanin hekta 24, da rumfuna a warwatse, da samfurin gidajen ƙabilun ƙasar, da gidan namun daji, da wurin masu sana'a inda maƙeran fari da dukawa da masaƙa ke aiki a gaban mai kallo. Akwai ƙasusuwan manyan dabbobin dā da aka tono a Gadufawa, da ragowar itacen da ya tsaya shi kaɗai a hamadar Tenere, wanda mota ta kaɗe a 1973, da rumfar yuraniyom mai bayanin haƙar da aka fara a Arlit a 1971.

Kuskuren da iyalai ke yi shi ne farawa da namun daji. Yara in suka ga zaki da dorina, babu mai iya zaunar da su gaban masaƙi. Ku fara da masu sana'a da safe, sannan rumfuna, dabbobi su zama ladan ƙarshe. Ku tambayi lokacin buɗe rumfunan tun a ƙofa, don ba lallai ya zo ɗaya da na filin ba. Wajen maƙeran fari ku nemi ganin zubin kakin zuma: a sassaƙa siffar da kaki, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya zube, a zuba azurfa a gurbinsa, a fasa yumɓun. Kowane mazubin yumɓu sau ɗaya ake amfani da shi, shi ya sa ba a samun biyu iri ɗaya sak.

Tafiyar kusan kilomita 900 ce, wuni cur a kar. Kada ku sa ziyarar washegarin isarku.

Matatar mai ta SORAZ fa? Ɗana yana son zama injiniya. (Wata ma'aikaciya daga Sabon Gari)

Malama, wannan ba wurin yawon iyali ba ne. Matatar tana kimanin kilomita 50 arewa da gari a hanyar Tanut, an buɗe ta a Nuwamba 2011, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana na ɗanyen man da bututu ke kawowa daga Agadem. Wuri ne mai aiki da abin da ke kama wuta, yana da tsaro, kuma tsayawa a bakin shinge ana ɗaukar hoto zai jawo muku tambayoyi. Hanyar da ta dace ita ce makarantar yaron ta rubuta takardar neman izini da sunan ajinsu, da yawan ɗalibai da shekarunsu da malaman da za su raka su, ta jira amsa. Kafin nan, ki kai shi garejin mai gyaran injin niƙa ranar da aka kwance injin dizal, ya ga fistin da silinda da bawul a shimfiɗe a kan buhu, ya tambayi bakaniken aikin kowanne.